MULKI, MALLAKA DA MALAKA: DARASI DAGA UNGUWAR ZAHIR

 

Duk wanda ya tashi a zango ya san irin wannan gardama. Yaro ya dawo daga makarantar Islamiyya, ya ji kakansa yana karanta Fatiha a sallar Magariba, da ya zo ayar ranar sakamako ya ce "Maliki" a taƙaice, sai yaron ya jira aka yi sallama ya ce, "Baba tsoho, ai Maaliki ake cewa, da ja." Shi kuwa tsohon ya ce haka ya karɓa a allo tun ba a haifi uban yaron ba. To gaskiyar magana ita ce babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Tsohon yana karatu ne da ruwayar Warshu daga Nafi'u, wadda da ita kakanninmu suka yi karatu, yaron kuma da ruwayar Hafsu daga Asimu, wadda ta yaɗu da bugaggen Alƙur'ani da karatun limaman Harami. "Malik" shi ne sarki mai iko, "Maalik" shi ne mai abu. Malamai suka ce ƙira'o'in biyu cika juna suke yi, domin akwai sarkin da yake iko da gari alhali ba shi da gida ko ɗaya a wata unguwa ta garin, akwai kuma mai gida wanda ikonsa bai wuce bakin ƙofarsa ba. Allah (SWT) kaɗai Ya haɗa biyun a cike.

Wannan ƙaramin bambanci na ja da rashin ja shi ne ya sa muka ga ya dace mu tsaya a kan kalmar a wannan fitowa, saboda muna ganin rigingimu da yawa da ke cin zangunanmu daga rashin fahimtarta suke tasowa.

SAIWA ƊAYA, RASSA UKU

Haruffa uku ne asalin kalmar a Larabci: mimun, lamun da kafun. Ma'anarsu ta farko ita ce riƙe abu da ƙarfi, har Larabawa sukan yi amfani da ita ga mace idan ta cuɗa kwaɓin gari sosai ya kama jikinsa. Daga wannan saiwa rassa uku suka fito.

Na farko mulki, wato iko a kan ƙasa da mutanen cikinta. Daga nan aka sami "mamlaka", masarauta, kalmar da sunan ƙasar Saudiyya ya fara da ita. Na biyu mallaka, wato abu ya zama naka, ka sayar, ka kyautar, a gada daga gare ka. Na uku malaka, ba tare da ƙarfafa lamun ba, ita kuwa ba a cika jin ta ba sai a zauren malamai. Ma'anarta ƙwarewar da ta zauna a jikin mutum har ta zama ɗabi'arsa. Hausa ma tana da inuwar wannan ma'ana, domin mukan ce wane ya mallaki Larabci, ko kuma yaro ya mallaki hankalinsa, kuma kowa ya san ba sayen su ya yi a kasuwa ba.

ME YA KAI MU ZAHIR?

Wanda Allah Ya nufa da zuwa Makka, in ya fita daga Masallacin Harami zai tafi Tan'im don ɗaukar haramar Umra, hanyarsa takan ratsa wata unguwa a arewa maso yamma da ake kira Zahir. Alhazai da yawa ba su san ta da komai ba sai babban asibitinta da cunkoson motoci. Amma wannan yanki yana jingine da kwarin Zu Ɗuwa, inda ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya kwana, ya yi sallar Asuba, ya yi wanka kafin ya shiga Makka. A nan ne kuma kwarin da mutanen da suke kira Fakhkhu yake. Muna ganin da wuya a sami wani ɗan fili a duniya da ya tara labarin waɗannan rassa uku kamar wannan unguwa, shi ya sa za mu mai da ita allon karatunmu.

MULKI: SARKI GOMA, ZAMANI GOMA

A shekara ta 169 bayan Hijira, wato 786, a zamanin halifan Abbasiyawa Musa Alhadi, wani sharifi daga zuriyar Sayyidina Hasan mai suna Husaini ɗan Aliyu ya tashi daga Madina yana jayayya da mulkin Abbasiyawa. Rundunar halifa ta tare shi a Fakhkhu ranar 8 ga Zulhajji, lokacin da alhazai ke shirin fita Mina, aka kashe shi tare da jama'arsa masu yawa. Musulmi ne suka zubar da jinin Musulmi, a cikin wata mai alfarma, a bakin gari mai alfarma, saboda mulki.

Waɗanda suka ci nasara a ranar ina suke? Daular Abbasiyawa ta shuɗe. Daga baya Mamalik na Masar suka yi iko da Hijaz, su kuwa asalinsu bayi ne sayayyu, sunansu ma daga wannan saiwa ya fito, ma'anarsa waɗanda aka mallaka. A 1517 Turkawan Usmaniyya suka karɓe. A 1916 Sharif Husaini ya yi wa Turkawa tawaye, a 1924 rundunar Abdul'aziz Al Sa'ud ta shiga Makka, a 1932 aka sa wa ƙasar sunan da take da shi. A cikin Zahir ɗin nan aka gina wata fada ta dutse a zamanin Sarki Abdul'aziz, wanda ya rasu a 1953. Daga baya aka mai da fadar makaranta, yara suka riƙa karatu a ɗakunan da aka gina don manyan baƙi, bayan haka kuma aka mai da ita gidan adana kayan tarihi. Ko a 1986 Sarki Fahad ya zaɓi a riƙa kiran sa Mai Hidimar Masallatai Biyu Masu Alfarma. A ganinmu wannan laƙabi ya fi dacewa da gaskiyar al'amari, domin duk wanda ya hau kujera riƙon ƙwarya yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

MALLAKA: GIDAN WA NE?

Mulki dai ya nuna ba ya zama. To mallaka fa? Tun farkon Musulunci malamai suka yi saɓani a kan gidajen Makka: shin ya halatta a sayar da su ko a ba da su haya? Sananniyar muhawara ce tsakanin Imamu Shafi'i da Ishaƙu ɗan Rahawaihi. Masu hanawa sun dogara da abin da ya zo a Suratul Hajji na daidaita mazaunin wurin da baƙon da ya zo daga nesa. Shafi'i kuwa ya halatta, daga cikin hujjojinsa akwai cewa Sayyidina Umar (RA) ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka a kan dirhami 4,000, kuma ba a sayen abu sai daga hannun mai shi. Abin lura a nan shi ne Umar halifa ne, ikonsa ya game Makka, amma da yake ya san iko daban mallaka daban, bai ƙwace ba, biya ya yi.

Duk da haka ita ma mallakar ba ta da tabbas. Faɗaɗa Harami da aka fara a 1955, aka ci gaba da ita a zamunan baya, ta cinye unguwanni sukutum, kamar Shamiyya da aka fara rushewa a 2008. Inda wani ya gada tun kaka da kakanni, yau marmara ce mutane ke sujada a kai.

Mu 'yan zango ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Kalmar zango kanta masaukin fatake take nufi. Kakanninmu masu fataucin goro sun sauka ne a ƙasar da take hannun kujerun sarakunan gargajiya, ko na Asante a Kumasi, ko na Ga a Ankara babban birnin Ghana, kamar yadda Malam Baƙo ya nemi filin da ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Iyayenmu suna ba da labarin mutanen da suka sayar da gida da shago a kan kuɗin da bai kai na ƙofa da taga ba, da waɗanda suka miƙa wa maƙwabci makulli suka hau mota ba su sake dawowa ba. A 1983 kuma Najeriya ta yi irin nata, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka ɗauro kaya. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ƙayyade cewa wanda ba ɗan ƙasa ba ba zai riƙe fili ba sai dai haya, ita ma kada ta wuce shekara 50 a lokaci guda.

Kada wani ya fahimci cewa muna hana neman fili ko gina gida. A'a. Mafi yawanmu a nan aka binne cibiyarmu, 'yan ƙasa ne mu kamar kowa, kuma sakaci ne babba saurayi ya kai shekara 25 ba shi da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, ko kuma gidan gado ya shekara 60 babu takarda sai "kowa ya san namu ne". Musulunci ya yi umarni da rubuta mu'amala da kafa shaidu, kuma kare dukiya yana cikin manufofin shari'a. Abin da muke cewa shi ne mutum ya san nauyin abin da ya dogara da shi. Abin da doka ta ba ka, doka tana iya karɓewa, haka ruwa, haka wuta.

MALAKA: KAYAN DA BA A DUBAWA A KAN IYAKA

Mu koma Zahir. An ruwaito cewa a wannan yanki aka binne Abdullahi ɗan Umar (RA), wanda ya rasu a Makka bayan shekara ta 70 da Hijira. Ɗan halifa ne, da ya nemi mulki da ya sami mabiya, amma ya janye jikinsa daga fitinun zamaninsa ya tsare bin sunna. An ruwaito hadisi fiye da 2,600 ta hanyarsa. Babban almajirinsa Nafi'u, wanda daban yake da Nafi'u mai ƙira'a, bawansa ne da aka 'yanta, ya lizimce shi shekaru masu yawa. Daga Nafi'u Imamu Malik ya karɓa, kuma wannan jeri na Malik daga Nafi'u daga Ibnu Umar shi malaman hadisi ke kira sarƙar zinariya. Ku duba, mutumin da a da ko kansa bai mallaka ba, yau ba a karanta Muwaɗɗa a zauren Kumasi ko Tamale ba tare da an ambaci sunansa ba.

Haka kuma daga cikin waɗanda suka tsira a yaƙin Fakhkhu akwai Idrisu ɗan Abdullahi, wanda ya gudu har Maroko ya kafa daula a 788. Daularsa ta ƙare tun cikin ƙarni na 10. Amma a birnin Fas da shi da ɗansa suka assasa aka gina masallacin Ƙarawiyyin a 859, wanda ya zama matattarar ilimi, kuma ɗan wannan birni ne Ibnu Ajurrum, wanda ya rasu a 1323, marubucin Ajurrumiyya da ake fara koyon nahawu da ita a zangunanmu. Takobin Idrisu bai iso mana ba, ilimin garinsa ne ya iso.

Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, shi ne ya fi kowa bayanin malaka a cikin littafinsa Muƙaddima. Taƙaitaccen ra'ayinsa shi ne sana'a da harshe da ilimi duka ba sa zama a jikin mutum sai da maimaita aiki sau da yawa a gaban gwani, har abin ya kafu. Ya kuma bambanta hadda da malaka, domin mutum yana iya haddace ƙa'idojin ɗinki kaf amma a ba shi allura da zare ya kasa. Duk wanda ya taɓa zama yaron makanike a Suwame ya san haka: mai gidansa yakan saurari kukan inji kawai ya faɗi inda ciwon yake, kuma wannan kunne ba a gadonsa, ba a sayensa, shekaru ne cikin baƙin mai.

Babban misalinmu na gida shi ne Alhaji Umaru na Kete Karachi. An haife shi a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Karachi ya koyar har ya rasu a 1934. Ya ga ikon sarakunan Gwanja, ya ga na Jamus, ya ga na Ingila. Bayan rasuwarsa aka gina madatsar Akosombo, tafkin Bolta ya shanye tsohon garin a shekarun 1960. Masu mulkin sun tafi, gidajen suna ƙarƙashin ruwa, amma rubuce-rubucensa na Larabci da Hausa suna nan a hannun malamai da kuma Jami'ar Ghana da ke Legon, kuma zangunan da almajiransa suka koyar a cikinsu ba su ƙirguwa.

Ba ilimin littafi kaɗai muke nufi ba. Hausawan da suka tafi Makka a ƙasa ta Sudan, wasu suna shekaru a hanya, sun isa ba su da taƙi ɗaya na fili. Hannunsu ne ya ciyar da su. Tsiren da suka kai ya zama abincin Hijaz da ake kira "siriya", kamar yadda shinkafa da wake na iyayenmu mata ya zama wace da duk Ghana ke layi a kai da safe. Jikokin waɗancan matafiya su ne masu laƙabin Hausawi, kuma ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, haifaffen Makka, shi ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To amma baƙon da ke da abin da ɗan gari yake buƙata a hannunsa, rana ba ta busar da shi da wuri.

INDA AKE TSALLAKE IYAKA

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Da Turawa suka zo, Bahaushe ya rasa sunan da zai ba irin ikonsu sai ya haɗa kalmomi biyun ya ce mulkin mallaka. Wannan suna hikima ne, domin ya nuna ainihin cutar: mai mulki ya ɗauka cewa ƙasar da mutanenta kayansa ne. Duk lokacin da wanda ya riƙe reshe ɗaya ya yi da'awar sauran biyun, zalunci ya shigo. Kuma ba sai Bature ne ke yin haka ba.

Mun ga sarkin zango da aka naɗa don ya sasanta jama'a ya wakilce su a fada, ya sayar da filin makaranta ko gefen maƙabarta kamar gonar ubansa. Mun ga attajiri da ya gina masallaci, ya ce don Allah ya yi, sa'an nan ya riƙe makulli, ya cire liman ya sa liman, ya zaɓi abin da za a faɗa a huɗuba, alhali abin da aka yi waƙafi ya fita daga hannun mai shi, kuma kuɗin siminti ba ya mai da mutum malami. Mun ga miji da ya ɗauka sadaki farashi ne, da matar da ke yawon gidan boka neman maganin mallaka, dukansu sun manta cewa ɗa ba ya zama kayan ɗa.

Mu matasa ma ba mu tsira ba, kuma namu ya fi ɓoyuwa. Ɗan uwa ya yi shekara huɗu a wata jami'a ta ƙasar Larabawa, Allah Ya ba shi rabo, ya dawo yana ganin takardarsa ta ba shi ikon ture dattawan da suka riƙe masallaci shekara 40, sai a raba sahu, a raba unguwa, wani lokaci har a kai ga 'yan sanda. Wani kuma ya ƙware a kwamfuta ko aikin jinya sai ya shiga ba da fatawa a kan saki da gado daga abin da ya tsinta a waya. Haka malamin da ya san fiƙihu ya ce wa mai ciwon sukari ya bar maganin asibiti. Malaka tana da iyaka kamar yadda ƙasa take da iyaka, kuma alamar gwani na gaske ita ce ya san inda gonarsa ta tsaya. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Mu nawa ne za mu iya faɗin haka sau ɗaya a majalisa?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan uwa, mulki ba kowa ake ba ba, kuma wanda ya roƙe shi sau da yawa ba ya gamawa lafiya. Dukiya rabo ce, a neme ta ta halal, a rubuta ta, a fitar da haƙƙinta. Amma reshe na uku ƙofarsa a buɗe take ga ɗan sarki da ɗan mai gadi, ga namiji da mace, kuma kuɗin shigarsa haƙuri ne. Matsalarmu ita ce gaggawa. Wata shida a wurin tela, wata uku a wurin mai walda, shekara ɗaya a Islamiyya, sai kuma zaman benci ana lissafin hanyar Libiya. Wanda ya haƙa rijiya goma kowace kamu biyu ba zai sha ruwa ba.

Don haka muna kira ga kowane ɗayanmu ya tambayi kansa: wane abu ɗaya ne na iya, wanda in yau aka ce in bar garin nan da rigar jikina zan ci abinci da shi gobe, in kuma amfani mutane da shi? In babu amsa, to a zaɓi abu guda, a nemi gwaninsa, a durƙusa a gabansa, a daure wa faɗansa har abin ya zauna. Wanda kuma Allah Ya ba, ya koyar da na baya, domin ita wannan dukiya ba ta raguwa da rabawa, kuma ita ma za a tambaye shi a kanta kamar yadda za a tambayi sarki a kan talakawansa da attajiri a kan kuɗinsa.

Shi kuwa yaron nan da kakansa, muna ba su shawara su zauna bayan Magariba, tsoho ya karanta da Warshu, yaro ya karanta da Hafsu, kowa ya saurari ɗan uwansa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, Ya sa mu san iyakarmu, Ya shiryi shugabanninmu, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.